Ginshiƙan Yadi a Kan Teku

"Ya miƙe!"

Rahma ce ta faɗa cikin raɗa, idonta manne da tsagar ƙofar majalisi, ɗakin baƙi.

"Wa ya miƙe?" Mastura ta tambayi 'yar gwaggon tata, tiren shayi a hannunta.

"Kawu Adamu mana! Wallahi ya miƙe tsaye, har ya bar wa mutumin wurin zamansa..."

Mastura ta dire tiren, ta ture Rahma gefe, ta sa nata idon.

Da ma ba ta duba ba.

Mahaifinta, Malam Adamu Jaji, tsohon da ciwon sukari ya kusa cinye wa idanu, yana tsaye dafe da bango. A kan katifar da ba mai zama sai shi, wani matashin Balarabe ne ya harɗe cikin farar doguwar riga, yana juya makullin mota a yatsa. Kusa da shi Nasir, Nasir ɗinta, sai murmushi yake kamar wanda ya kawo kyautar da ta fi ƙarfin gidan. Can a kusurwa Bilal ɗan baffanta yana kurɓar gahawa a natse.

Yau ce ranar da Nasir ya ce zai zo da manyansa neman aure. Ta zaci limamin 'yan Nijeriya zai kawo, ko wani dattijo mai furfura.

Sai ya kawo kafilinsa.

A unguwar Madain Fahd ta Jidda kowane baƙo yana da kafili, mutumin da zamanka a ƙasar yake rataye da sa hannunsa. Kai kake zuwa wurinsa. Ka tsaya a ƙofarsa, ka jira, ka yi godiya. Ba a kawo shi gida.

"Ya ammi, Nasir ɗan'uwana ne," baƙon yake cewa da Larabci. Thamer sunansa, matuƙin jirgin sama na tsere. "Ba wanda yake taɓa injin jirgina sai shi. Ka ba shi 'yarka, ni ne shaida!"

"Allah ya ƙara girma," in ji Malam Adamu, har yanzu a tsaye. "Iƙamarsa fa, katin zaman ƙasa, Allah ya ja da ranka?"

Thamer ya yi dariya.

"Yanzu dai bizar ɗan lokaci gare shi, ta wannan tseren. Amma akwai kamfani a nan Jidda da suka ce in na shiga cikin ukun farko za su ɗauki nauyinmu gaba ɗaya. Washegari zan yi masa iƙama. Abshir, sha kuruminka!"

"In ba ka shiga ba fa?"

"Sai in sayar da jirgin, kowa ya koma wurin mamarsa!"

Ya sake yin dariya. Bilal ya taya shi.

Murmushin Nasir ya tsaya a fuskarsa, ya rasa inda zai kai shi.

Bayan baƙi sun tafi, Malam Adamu bai koma kan katifar ba. A ƙasa ya zauna, kan kafet.

"Mastura."

"Na'am Baba..."

"Ɗauki katifar nan ki kai rana."

Ta durƙusa a gabansa, hawaye sun riga ta magana.

"Baba, Nasir bai sani ba ne. Baƙo ne, a ƙasarsu..."

"A ƙasarsu ba a haifi dattawa ba?"

Ta share hawaye da gefen mayafi.

"Tun ina saurayi nake tsayuwa wa kafili. Na tsaya a rana, na tsaya a ofis. Na tsaya ranar da uwarki ta rasu, ina jiran sa hannu kafin a ba ni gawarta. Ɗaki ɗaya ya rage mini a duniya da nake zama. Yau saurayinki ya zo ya karɓe shi, yana murmushi."

"Ka yi haƙuri Baba..."

"Wannan nawa ne, zan haɗiye. Naki ne ya dame ni. Mai bizar ɗan lokaci kotu ba ta ɗaura masa aure. In an ɗaura a gida ba takarda, to ga Rahma nan. Ubanta haka ya yi, ya zauna bayan bizarsa ta mutu. Ya fita sayen burodi, jawazat, jami'an shige da fice, suka ɗauke shi, har yau burodin bai iso ba. Ita kuma ba makaranta, ba asibiti, ba ƙasa."

"Kawu ina jinka fa!" Rahma ta faɗa daga bayan ƙofa.

"Don ki ji na ɗaga murya."

Ya lalubo kan 'yarsa ya dafa.

"In kuma kika bi shi Nijeriya, sunanki ya fita daga iƙamata, ba ya dawowa. Garin da aka haife ki, sai kin nemi bizar umra ki zo ki gan ni. Sudan ɗin kakanninki da fasfo ɗinki yake faɗa ba ki taɓa taka ta ba, yanzu ma ba ta takuwa saboda yaƙi. Bilal ya neme ki kin ce a'a, ban matsa miki ba, ba zan matsa ba. Amma wannan yaron, ranar da na shafa iƙamarsa da yatsana, ranar zan ba shi ke. Halas, magana ta ƙare."

Haka aurenta ya koma hannun wani mutum da ba ta taɓa yi wa magana ba, da wani ƙaramin jirgi da ba ta taɓa gani ba.

*

Yadi ne ya haɗa ta da Nasir.

Mastura tana ɗinki a wata masana'antar tantuna da rumfuna a Madinar Masana'antu, unguwar kamfanoni ta Jidda. Da aka sa ranar tseren jirage a bakin teku, aka kawo musu wani aiki da ba su saba ba: yadi marar nauyi, ja da fari, tsawonsa ya fi bene. Aka ce ginshiƙai ne. A hura musu iska su miƙe a kan kwale-kwale tsakiyar ruwa, bibbiyu kamar ƙofa, jirage su riƙa ratsa tsakaninsu. In fiffike ya taɓa, yadin ne yake yagewa, ba jirgin ba.

Kullum aka yi gwaji, da yamma sai an kawo mata ɓarna.

Wata rana tana juya wani da aka tsarge daga sama har ƙasa, ta ja tsaki.

"Mutum da hankalinsa, sama duk faɗinta, sai ya zo ya yaga mini yadi!"

"Ki gafarce mu Hajiya, namu ne ya yaga."

Ta ɗago a firgice. Dogon saurayi ne cikin kayan aiki, baƙin mai a ƙarƙashin faratansa, ya zo karɓar murfin da aka ɗinka wa jirginsu. Ba ta taɓa jin Hausa mai tsabta haka ba sai a waya.

"Inta... kai Bahaushe ne?"

"Daga Kaduna. Ke kuma daga ina aka samo wannan Hausar mai rabin Larabci?"

"Daga inda aka samo matuƙinku mai rabin ido."

Murfin nan sau uku ya dawo da shi a gyara. Ba abin da ya same shi.

Shi ya koya mata yadda abin yake. Jirage ba sa tashi tare, ɗaya bayan ɗaya ne, agogo ne abokin karawa. A ratsa ƙofofin a jere, ƙasa-ƙasa dab da ruwa, a ɗaga sama a juyo, a sake ratsawa. Wanda ya taɓa ginshiƙi a ƙara masa lokaci. Wanda ya karkata inda ya kamata ya miƙe a ƙara masa. Bambancin na ɗaya da na biyar bai kai ƙiftawar ido ba.

"Kai kuma ina kake a lokacin?"

"A ƙasa, ina cizon yatsa."

"Wannan ne aikin?"

"Shi ne rabinsa, Masturata. Ɗaya rabin na gama shi tun kafin ya tashi."

*

Washegarin zuwan Thamer, Nasir ya same ta a bakin ƙofar masana'anta lokacin hutun azahar. Rana ta buɗe, manyan motoci suna wucewa da hayaƙi.

"Hasken idona..."

"Kada ka kira ni haka yau."

"Me na yi? Na kawo mutumin da ya fi kowa girma a wurina!"

"Ka sa tsoho makaho ya tsaya a ɗakinsa, ya Nasir! A ɗakinsa!"



"Bilal ne ya ce... ya ce a nan babu girmamawar da ta kai mutum ya zo da kafilinsa. Ya ce in na kawo liman za a ɗauka ba ni da kowa."

"Bilal!"

"Ɗan'uwanki ne ai..."

"Ɗan'uwan da ya nemi aurena na ƙi shi!"

Ya jingina da bango, ya rufe ido.

"Ban sani ba."

"Ba ka tambaye ni ba. Za ka zauna da inji tun safe kana tambayarsa me ke damunsa. Ni jimla ɗaya ta gagare ka."

"Zan je in ba Baba haƙuri."

"Ba haƙuri yake jira ba habibi. Kati yake jira."

Ya kalli takalminsa.

"Thamer ya iya tuƙi, Mastura. Gaggawa ce ke cinsa. Jirgin kuma... ki bar mini jirgin. Wallahi zan mai da shi abin da bai taɓa zama ba. Ke dai ki yi addu'a."

"Ni kenan aikina? Addu'a da faci?"

"Addu'ar ta fi facin."

Ta so ta yi fushi, dariya ta kufce mata, kuka ya biyo bayanta.

Daga ranar ba ta sake ganinsa sosai ba. Yana rumfar jirage, shi da injin. Ita kuwa duk yadin da aka kawo a yage sai ta tambayi direba wa ya yaga. In ya ce shuɗin jirgi ne mai farin wutsiya, ranar ba ta iya cin abinci.

A sujada abu ɗaya take maimaitawa.

"Ya Rabbi ya zo na ɗaya... ya Rabbi na ɗaya..."

*

Kallon tseren jirage a Jidda hawa-hawa ne, kamar komai na garin.

Masu hali suna cikin jiragen ruwansu, dab da ginshiƙan. Na bayansu suna saman otal-otal da tabarau na hangen nesa. Sai rumfunan tikiti masu inuwa da babban allo, inda ba a shiga sai an nuna kati. Sauran bayin Allah kuma suna da Kornish, dogon bakin tekun nan, kyauta, da rana kyauta.

Nasir ya aiko mata tikiti biyu na rumfa. Rahma ta juya su a hannu ta miƙo mata.

"Ki je abinki. Ni a ƙofa za a ce in nuna kati, in nuna musu haƙorana?"

Sai ga muryar Baba daga majalisi.

"Ku nemo mini sandata. Ni ma za ni."

"Baba me za ka gani?"

"Ba gani zan yi ba. Ji zan yi yadda ake tsere da auren 'yata."

Aka bar tikiti a kan firij. Bilal ne ya kwashe su a motarsa, tunda shi ke da mota, kuma ba ya son labarin faɗuwa ya zo masa ta bakin wani.

"Na ji an ce jiya ma Thamer ya yaga biyu," ya faɗa yana kallonta ta madubi.

"Ɗaya ne."

"Masha Allah, ashe ana samun ci gaba."

"Ya Bilal," in ji Rahma, "ka kalli titi. In ka buge wani a kama mu, kai tara za ka biya, ni teku za a jefa."

Sun sami wuri can ƙarshen Kornish, kusa da wani mai sayar da balila, dafaffen waken Larabawa, da ya kunna rediyo. Jama'a maƙil, 'yan Indiya, 'yan Yaman, Misirawa, yara a kafaɗun iyaye. Mastura ta shimfiɗa wa Baba darduma ta riƙe masa lema. A kan ruwa ginshiƙan suna tsaye ja da fari, suna ɗan rangaji. Ta san kowane faci a jikinsu.

Jirgi na farko ya keto da ƙara kamar za a tsaga sama. Baba ya damƙe hannunta.

"La'ilaha illallahu! Mutum ne a ciki?"

"Mutum ne Baba."

"Yana da uwa?"

Ɗaya bayan ɗaya suka wuce. Ja, rawaya, baƙi. Wani ya taɓa ginshiƙi, yadin ya fashe ya zube cikin ruwa, jama'a suka yi ihu, ma'aikata suka ruga a kwale-kwale suka ɗaura sabo. Mai rediyo yana ta zuba sunaye da lokuta.

Da la'asar ta gabato aka rage su huɗu. Thamer yana ciki.

"Huɗu," in ji Bilal. "Wuri uku. Kai, lissafin nan akwai rashin tausayi."



Ukun suka yi nasu, ba wanda ya taɓa komai. Sannan rediyo ya kira sunan Thamer, Kornish ta ɗauki tafi.

Shuɗin jirgin ya ɓullo daga arewa, ƙarami kamar tsuntsu.

"Gaya mini," in ji Baba. "Kada ki rage komai."

"Ya sauko... ya sauko sosai Baba, cikinsa kamar zai sha ruwa... ya shiga ta farko!"

"Ya taɓa?"

"Bai taɓa ba! Ta biyu... yanzu yana zigzag tsakanin guda uku, ya kwanta a gefe, ya juya, ya sake kwantawa... wayyo Allah!"

"Ya taɓa?!"

"Ya girgiza amma yana tsaye! Yana tsaye! Ya miƙe sama Baba, tsaye cak, hayaƙi na binsa... ya kifa, yana dawowa..."

"Ya Hayyu ya Ƙayyum," tsohon yake faɗi. Bai san ya miƙe ba. Lema ta faɗi, ba wanda ya ɗauka.

Rahma ta cusa fuska a kafaɗar Mastura.

"Ni ba zan iya kallo ba, ki faɗa mini ni ma!"

"Ƙofa biyu... ɗaya... ya wuce! Ya wuce!"

Mai balila ya ɗaga rediyonsa sama da hannu biyu.

"Al-awwal! Na ɗaya!"

Kornish ta fashe.

Mastura ba ta san lokacin da ta zube a kan gwiwoyinta ba. Rahma tana tsalle tana guɗa, wata 'yar Indiya da ba ta san su ba ta rungume ta. Malam Adamu yana ta kabbara, hawaye yana bin gemunsa.

"Injin nan," ya ce, "kun ji muryarsa? Ya bambanta da na sauran. Ni da ba na gani na ji."

Ya juya inda yake zaton 'yarsa take.

"Ki ce wa yaron ya zo ranar Juma'a. Da liman wannan karon."

"Baba!"

"Ban ce na ba shi ba. Na ce ya zo."

Bilal ya ce zai je ya kawo mota kusa. Ya daɗe bai dawo ba.

*

Ranar Juma'a Nasir ya zo bayan an sauko daga masallaci.

Shi kaɗai.

Mastura da Rahma suna bayan ƙofa, lalle sabo a hannuwansu. Tun daga sallamarsa Mastura ta gane ba lafiya.

"Ina limamin?" Baba ya tambaya.

"Ban kira shi ba, Baba. Ban so in wahalar da shi."

"Zauna. Faɗi."

Ya faɗa, muryarsa a daidai, kamar mai karanta labarin wani.

Thamer ya yi gudun da ya sa manyan Turai suka waiwayo. Wata babbar tawaga ta can ta ɗauke shi matuƙi. Suna da jiragensu, suna da makanikansu. Kamfanin Jidda kuwa Thamer suke so a allon tallarsu, ba mai gyaran inji ba. Da ya tafi, suka janye. An sa shuɗin jirgin a kasuwa. An buga wa Nasir bizar fita.

"Shi me ya ce maka?"

"Ya rungume ni. Ya ce ba zai taɓa mantawa da ni ba. Ya ba ni agogo."

"Mai kyau?"

"Mai kyau."

"To madalla."

"Na zagaya wurare, Baba. Irin bizata ba a mai da ita iƙama sai na fita, wani ya sake nemo ni. Ba mai neman makanikin jirgin tsere a garin da tseren ya ƙare."

Tsohon ya juyo inda muryar take.

"Da na uku ya zo fa?"

Nan muryar Nasir ta karye.

"Da ba su kalle shi ba. Da yanzu katin yana hannunka."

Bayan ƙofa Mastura ta toshe bakinta da hannu mai lalle.

Da ya tafi, Baba ya kira ta. Ta zuba masa shayi ta ajiye a gabansa.

"Yaron kirki ne," ya ce. "Bai yi mini ƙarya ba, alhali ƙarya ta fi sauƙi. In kina so ki bi shi ƙasarsu, na yarda. A je can a ɗaura. Ba zan riƙe ki ba."

"Kai fa?"

"Ni me? Ga gwaggonki, ga Rahma. Ina da hannu ina da ƙafa."

Yana magana yana laluben kofin. Hannunsa ya bi ta dama, ya bi ta hagu, ya wuce shi kaɗan, ya dawo. Ta zuba masa ido. Gwaggo ba ta iya hawa bene. Rahma ba ta isa ta tsaya a gaban tagar asibiti ba, balle ta karɓo masa allura.

Ta tura kofin a hankali har ya taɓa yatsunsa.

"Ka ga," ya ce, "na same shi."

*

Sun haɗu a Kornish da hantsi, kwana biyu kafin tafiyarsa. Rahma ta rako ta, ta zauna can nesa a kan benci.

Babu jama'a. Ma'aikata suna kwance rumfuna. A kan ruwa ana sace wa ginshiƙan iska, suna lanƙwashewa ɗaya bayan ɗaya.

"Ni na yi," in ji Nasir. "Da na bar injin yadda yake..."

"Ni ma na yi. Na ɗaya na roƙa. Ko sau ɗaya ban ce na uku ba."

Suka yi wata irin dariya marar daɗi.

"Ki zo mu tafi, ruhina. Kaduna ba aljanna ba ce, amma ba mai tambayarki kati. Ummata za ta riƙe ki kamar ita ta haife ki."

"Baba ya yarda."

Fuskarsa ta haskaka.

"Ya yarda?!"

"Ya yarda, don ya san shi ne abin da uba zai faɗa. Nasir... in na fita ba na dawowa. Ranar da ya faɗi a banɗaki ina Kaduna ina jiran biza. Ka san yadda ake binne mutum a nan. Kafin a buga mini hatimi an gama."

"To mu tafi da shi!"

"Matarsa tana ƙarƙashin ƙasar nan. Ka je ka gaya masa."

Ya juya ya kalli teku. Da ya waiwayo idanunsa sun yi ja.

"To ba zan tafi ba."

"Me?"

"Ba zan hau jirgin ba. Mutum nawa ne suke zaune haka? Akwai gareji a Madinar Masana'antu, mai shi ya ce ba ruwansa da takarda, hannu yake so. Mu ɗaura a gida. Baba ba zai so ba, amma in ya ga ba ni da niyyar gudu..."

"Nasir..."

"Zan iya! Zan yi hankali, ba zan riƙa fita ba, zan..."

"Za ka riƙa bin lungu. Za ka ji an buga ƙofa ka haura katanga. Kai da kake sauraron inji ka san ciwonsa, za ka ƙare a ƙarƙashin tsofaffin motoci, mai gareji ya biya ka ranar da ya ga dama, don ya san ba inda za ka kai ƙara."

"Na yarda!"

"Ni ban yarda ba!"

"Saboda ke zan yi, Mastura!"

"Na sani habibi... shi ya sa. Shekara ɗaya za ka ce saboda ni. Ta biyu ma. Wata rana za ka kalle ni ka ce saboda ni, da wata murya daban. Sannan in haifa maka 'ya..."

Dukansu suka kalli bencin. Rahma tana zaune ita kaɗai, tana jefa wa wata kyanwa gutsuren biskit.

"Kina korata ne?" ya tambaya a hankali.

"Ina korarka."

"Ki kalle ni ki faɗa."

Ta ɗago. Hawaye ya hana ta ganinsa sosai, hakan ya taimaka.

"Ka tafi, Nasir. Ka hau jirginka da rana tsaka, da fasfonka a hannu, kanka a sama. Haka nake so in tuna ka."

"Zan nemi wata hanyar. Zan dawo."

"In Allah ya so."

Su biyun sun san nauyin wannan kalma a garin nan.

Ya miƙo hannu, ya tsaya a tsakiya, ya mayar aljihu. Ya ce ta gaida Baba. Ta ce ya gaida Umma, matar da ba za ta taɓa gani ba. Ya juya ya bi gefen ruwa, bai waiwayo ba, ta gode masa a zuciya da bai waiwayo ba.

Rahma ta taso ta kama hannunta. Suka taka zuwa bakin titi neman tasi.

"Ya ce zai zauna ko?"

"Ya ce."

"Kika ce a'a."

"Na ce."

Rahma ta gyaɗa kai. Yau babu zolaya a bakinta.

"Da ummata ta yi abin da kika yi, da ba ni a duniya."

"Rahma..."

"Ban ce kin yi kuskure ba."

Wata motar 'yan sanda ta karyo kwana, tana tafe a hankali. Rahma ta saki hannun, ta zame ta koma bayan Mastura, ta sunkuyar da kai, ta ƙanƙance.

Mastura ta gyara tsayuwa, ta buɗe kafaɗu don ta rufe ta sosai. Kukan yana tasowa, ta danne shi da haƙora, ta tsaya da busasshiyar fuska kamar macen da ba abin da ya same ta, har motar ta wuce.